Sunan Inna Bai Shiga Ba

"Babu sunanta," in ji ma'aikaciyar asibitin idon, bayan ta duba kwamfuta karo na uku.

Injiniya ya miƙa mata wayarsa. Ga koren rubutu ɓaro-ɓaro: An karɓi buƙatarku. Wata biyu ke nan da ya kama wa mahaifiyarsa Inna layin aikin cire yanar ido, idonta na dama kuma kullum ƙara rufewa yake.

"Malam, kai ne na tara yau. Kowa da koren rubutunsa. Mun kira kamfanin da ya haɗa manhajar, sun ce su ko kuskure ɗaya ba su gani ba."

Gaskiya suka faɗa, kuma ba wanda ya fi Injiniya sanin haka, domin shi ya rubuta ta. Ranar da za a gwada wa asibitin, jan gargaɗi ya yi ta fitowa. Oga ya tsaya a kansa yana huci, ya ce ba ya son ya sake ganin ja. Gano matsalar aikin mako guda ne, rufe mata baki kuwa minti biyar. Sai Injiniya ya shiga tushen manhajar, babban sashen da sauran sassa ke gadon halinsa, ya ɗana tarko mai cafke kowane kuskure ya haɗiye shiru. Sashen rajista ya gada, na layin likita ma ya gada. Tun ranar, ko sunan mutum bai shiga ba, manhajar za ta yi masa albishir. Har tafi aka yi masa a ofis.

"Yaushe za a samu wani gurbin?" Injiniya ya tambaya.

"Sai bayan wata huɗu. Ku yi haƙuri, Mama," in ji ma'aikaciyar, tana duban Inna da ke gefensa.

Inna ta gyara mayafi, ba ta yi faɗa ba. Ta lalubo hannunsa suka nufi ƙofa, tana jan ƙafa a hankali.

"Da ka bari ma na zo da kaina an rubuta ni a takarda," ta ce. "To wai shi wanda ya haɗa abin nan, ba shi da uwa ne?"

"Yana da ita, Inna. Ɗaga ƙafa, ga matakala."