Minti Goma Sha Ɗaya

…kuma lambar na nan inda na bar ta, a ƙasan allon kwamfuta. Minti goma sha ɗaya. Na goge, na sake. Wuƙar injin da aka zana a allon tana zagaya ƙarfen da aka zana, ba ƙara, ba zafi, ta gama ta tsaya. Goma sha ɗaya.

Ya kamata in ji wani abu. Ban ji ba.

Ta gilashin ofis ina hango bayan Kawu Talle. Ya sunkuya kan tsohon injinsa yana sassaƙa irin wannan ƙarfen, sandar da ke juya injin kwaɓa burodi. Rabin gidajen burodin Agege da hannunsa suke juyawa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Shi ya kawo ni wajen Oga da takardar digirina a leda, yana cewa ga ɗana, injiniya ne, na gaske.

Da, in aiki ya shigo, Oga sai ya miƙa wa Kawu ƙarfen. Baba, yaushe? Kawu ya jinjina shi a tafin hannu, ya dubi rufi… bayan La'asar. Ko, sai gobe da hantsi. Da wannan ake yanka farashi. Ni kuwa dariya ta kama ni ranar farko, na rufe baki. Wai La'asar. A shekarar dubu biyu da ɗaya, soja sun koma bariki, kowa na maganar sabon zamani, mu muna auna aiki da kiran salla?

Lissafin nan ni na tono shi. Ba wanda ya sa ni. Sabon injin da Oga ya sayo tokumbo, wato na hannu daga ƙasar waje, mai bin umarnin kwamfuta, ya zo da manhajar da ke zana hanyar da wuƙa za ta bi. Ana zana hanya, a tura wa inji, shi ke nan. Ba wanda ya san cewa can ciki, ƙarƙashin wani shafi, tana lissafa tsawon lokacin da kowane yanka zai ci. Da na gano har tsalle na yi. Na zauna na rubuta ɗan umarnin da ke zaƙulo lokutan duka ya tara su wuri guda. A motar haya ta danfo ma zane nake yi a gwiwa, daga Oshodi har gida. Na kira Oga da gudu — zo ka gani, yanzu ba sai mun tambayi kowa ba.

Kowa. Haka na ce. Wane ne kowa a shagon nan?

Yau da safe Oga ya dafa kafaɗata. Hadi, fitar min da lokacin duk aikin da Baba ke yi, kafin a tashi. In sabon injin zai iya, tsohon injin nan ya tare min wuri. Bai ce Baba ya tare wuri ba. Oga mutum ne mai ladabi.

To. Akwai akwatin da ake rubuta gudun wuƙa. Ni kaɗai na san shi. In rage gudun, lokaci ya ƙaru. Wa zai gane?

Na rage. Sha tara.

Jirgin ƙasa na wucewa, gilashi na rawa. Ina ƙarami Kawu kan ɗora ni a wuya mu tsallaka layin dogo, ƙamshin burodi da warin mahauta a haɗe, hulata a hannunsa kar ta faɗi… Na sake ragewa. Rabin awa.

Kawu, wannan sandar tun safe kake kanta. Ka tsaya ka auna, ka wasa wuƙa, ka amsa gaisuwar mai shayi, ka tambayi lafiyar matar mai gadi. Manhajar ba ta da akwatin waɗannan. Na duba. Wallahi na duba.

In na ƙara ragewa wuƙar ta daina yanka, sai dai ta riƙa gugar ƙarfe har ya ƙone. Oga ba injiniya ba ne amma yana da ido, zai ga hayaƙi. Kuma da wannan lambar zai yanka farashi, masu burodi su tafi wani shagon, mu duka mu bi Kawu waje. In kuma na ba shi ta gaskiya…

Ƙaryar ma ba ta kai ba. Na ja ta iyakar inda za ta iya zuwa, ko kusa da lokacin Kawu ba ta je ba.

An kashe tsohon injin. Shiru. Takun Oga ne wannan, da jan silifas ɗin Kawu a bayansa. Sun tsaya a bakin ƙofa, suna magana da Yarbanci, Kawu na dariya. Bai san me ake lissafawa ba, ya dai ji an ce ɗansa na lissafi.

«Oga, yaron nan ni na raine shi. Bai iya ƙarya ba. Duk abin da ya gaya maka, ka ɗauka.»

Yatsana na kan madanni. Lambobi biyu gare ni, ta gaskiya da ta ƙarya, ban san wacce ce a allon ba yanzu. Ƙofa na buɗewa. Wuyana ya ƙi juyawa…