Motar da Ta Kai Andrawus Gida

A shekarun da aka yanke Taraba daga Gongola, Jalingo ta cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Yola, kowa kuma yana son a gan shi cikin mota. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihu, sai dai ta hannu. Ita kuwa ta hannu ba a sayenta da ido kawai, sai an nemi wanda ya san ƙarfe. A nan Hayatu dillali ya samu abin yi.

Bencinsa na gindin wata dalbejiya kusa da Kasuwar Jalingo. Dillalai ba su da wuya a garin, kuma yawancinsu za su miƙa maka akwalar da aka ɗaure da waya, su rantse jiya ta sauka daga jirgi. Hayatu ba ya haka. Duk aibin da ya gani sai ya faɗa wa mai saye a gaban mai sayarwa, ko da cinikin zai watse. Ba wai ya fi kowa tsoron Allah ba ne, shi ma yana da nasa halin. Amma ba shi da shago, ba shi da gona, sunan nan shi ne jarinsa. In aka ce Hayatu ya duba, magana ta ƙare.

Abokinsa Job, wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Yelwa, ya daɗe yana damunsa. Ya gaji da jera 'ya'ya a kan babur kowace Lahadi kamar buhunan masara.

"Fulani, ni ban san mota ba," in ji shi, don haka yake kiran Hayatu da yake Bafillace ne. "Kai ne idona. In ka ce saya, zan saya ko ban gan shi ba."

Ana haka sai wata mata mai suna Murna ta aiko daga unguwar Sintali. Mijinta Andrawus ya rasu a daminar bara, ya bar mata 'ya guda, Godiya, da Fijo 504 doguwa mai ɗaukar iyali. Za ta tashi daga gidan haya ta koma wajen yayarta, can kuwa babu wurin ajiye mota.

Hayatu ba ya fara buɗe bonet kamar sauran. Yakan ja da baya ya tsuguna, ya kalli yadda mota ta zauna a ƙasa, don a ganinsa fenti na iya ƙarya amma zama ba ya yi. Fijon tsaf take, shuɗiya, ba a taɓa buge ta ba. Sai dai ta zauna ta baya, ɓangaren hagu, kamar an ɗora mata kaya. Ya danna wajen da hannu biyu, ba ta ɗago ba. Ya buɗe but, ya tarar an kwantar da kujerun baya, babu ko tsinke a ciki, sai ɗan warin kafur.

"Maman Godiya, ta taɓa ɗaukar gawa?"

"Shi ya kai maigida ƙauye," in ji ta, idonta na kan katanga.

Wannan bai dame shi ba. Da wuya ka samu doguwar Fijo a garin da ba ta taɓa yin irin wannan tafiyar ba. Ya ce zai faɗa wa mai saye, ya karɓi makulli.

Bakanike ya canza shokozoba, ya canza sifirin, ya duba ƙasan motar bai ga lanƙwasa ba. Da aka sauke ta daga jak sai ta koma ta zauna yadda take. Hayatu ya ce bari ya ji ta a titi. Inji lafiya lau, giya na shiga kamar a man shanu. Amma yana isa bakin gadar Mayo Gwoi sai motar ta fara ja da baya kamar an taka burki, ta yi tari, ta mutu. Aka taimaka masa aka turo ta baya, yana murɗa makulli ta tashi. Ya zaga gari ba ta yi ko gyatsa ba. Ya nufi gadar Lamurde, a nan ma ta tsaya cak. Da ya juya don ya duba masu zuwa a bayansa, sai ya ga gilashin hagu na baya ya yi hazo daga ciki, daidai faɗin tafin hannu, alhali rana na tsakiyar ka. Tsigar jikinsa ta tashi, ya kuma ji haushin kansa da ta tashi.

Washegari ya koma Sintali ya ce wa Murna ta shigo su zaga, akwai abin da yake son ta ji da kunnenta. Ta zauna a gaba, ta ɗora hannuwa a cinya. Suna dosar gada motar ta fara jan jiki. Sai Murna ta ɗan juya kai baya, ta yi magana a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya.

"Andrawus, za mu ƙetare ruwa."

Motar ta saki, ta haye gadar sumul.

Hayatu ya gangara gefen titi ya kashe inji. Ya juyo ya dube ta.

"Maman Godiya, faɗa mini abin da nake tuƙawa."

Murna ta sunkuyar da kai. Sannan ta gaya masa cewa a wajensu, in za a kai mutum gida, dole wani nasa ya zauna kusa da shi yana gaya masa hanya. Kowane ruwa sai an faɗa masa, in ba haka ba ba zai haye ba. In an isa kuma, sai a kira sunansa a ce ya sauka, an iso. Coci ba ta koyar da wannan ba, ba ta kuma iya hana shi ba. Ita ce ta zauna da Andrawus, ta faɗa masa kowane rafi har ƙauye.

"Sai kika manta na ƙarshen," in ji Hayatu.

"Ban manta ba, Malam. Maza sun ɗauki akwati, na buɗe baki, sai na ga in na faɗa shi ke nan, zan dawo Jalingo ni kaɗai. Na rufe ƙofa." Ta share ido da bakin zane. "Da yamma ina shiga in zauna, in ba shi labarin Godiya. Amma yanzu na gaji. Shi ma ya gaji, ina ji. Na ce in mota ya tafi, wataƙila su tafi tare."

Hayatu ya ji tausayinta har cikin ransa, ya kuma ji kamar ya rufe ta da faɗa. Su tafi tare zuwa ina? Zuwa ƙofar Job, da 'ya'yansa a kujerar baya? Shi abin da aka koya masa tun yana yaro, wanda ya mutu yana kabarinsa, babu ruwansa da Fijo. Amma da hannunsa ya danna motar nan ta ƙi ɗagowa, kuma bai taɓa ƙaryata hannunsa ba. Aibi ne, kuma aibi ko dai a faɗe shi ko a gyara shi. In ya faɗa, babu mai saye, matar nan ta shiga uku. Saura gyara.

"Ranar Asabar za mu ƙauyen," in ji shi. "Ki ƙarasa abin da kika fara."

Da ya haɗu da Job ya ce masa ya samu mota, sai ɗan abin da zai daidaita. Ya ce masa ya zo gindin dalbejiya Asabar da la'asar.

Lokacin wahalar mai ne, sai da ya bi 'yan bumburutu kafin ya cika tanki. Suka kama hanya da hantsi, suka bar kwalta suka shiga ta ƙasa, duwatsu na matsowa. Kowane rafi Murna na juyawa ta faɗa, motar na hayewa. Hayatu bai kalli madubi ba ko sau ɗaya.

Maƙabartar tana bayan gonakin dawa, a gindin wani dutse, hanya na bi ta gefenta. Akwai 'yan kaburbura masu gicciye a gaba, bayansu kuma tulin duwatsu birjik har cikin ciyawa, kaburburan waɗanda suka riga coci zuwa. Ƙanin mahaifin Andrawus, wani tsoho mai suna Baba Nehemiya, shi ya raka su, da mata biyu na gidan. Da ya ji abin da Murna ta yi bai yi mata faɗa ba, ya dai girgiza kai ya nuna mata but.

Ta buɗe da kanta. Ta ce, "Andrawus, mun iso gida. Sauka."

Babu iska, babu motsi a ciyawa. Sai ƙarfe ya yi ɗan kuka, bayan motar ya ɗago a hankali har ya daidaita. Murna ta durƙushe, matan suka kama ta suka yi cikin gari da ita, don za ta kwana biyu a nan.

Hayatu ya ja da baya ya tsuguna. Motar ta zauna daidai, kamar ranar da aka ƙera ta. Daɗi ya cika shi, irin daɗin wanda aka cire wa ƙaya. Ya shiga ya tayar, ƙofofi duk a buɗe don warin ya fita. To, kafin dillanci Hayatu ya yi shekaru yana jan motar haya, kuma a zamanin da mai ke da wuya haka, komawa gari da mota fayau abin kunya ne, ko ba don kuɗi ba. Kowane ƙauye akwai mai son zuwa asibiti ko kasuwa. Bakinsa ya riga tunaninsa. Ya leƙo ta taga ya ɗaga murya, fuskarsa na wajen dutsen.

"Jalingo! Akwai mai zuwa Jalingo? A shigo, akwai wuri."

Motar ta nutsa ta hagu. Ta nutsa ta dama. Kujerar da Murna ta tashi a kai ta yi ƙara, soson ya lotsa. Bayan ya yi ta sauka, yana sauka, har salansa ta kusa taɓa ƙasa.

Hayatu ya fito bai san yadda ya fito ba. Baba Nehemiya na tsaye riƙe da sandarsa, fuskarsa ta canza.

"Ɗana, wa ka kira?"

"Ban kira kowa ba, Baba. Mutanen gari nake nufi."

"Gari yana can. Nan ka tsaya ka yi magana." Tsohon ya dubi tulin duwatsun. "Yawancinsu ba su taɓa ganin Jalingo ba, labari kawai suka ji."

Hayatu ya zagaya motar yana cewa a sauka, a yi haƙuri, kuskure ne. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Fillanci. Babu abin da ya ɗago.

"Kowa sai da sunansa," in ji tsohon.

"To ka kira su, Baba. Useko, don Allah."

Tsohon ya kira waɗanda ya sani, na masu gicciye, da iyayensa, da kakanninsa. Motar ba ta motsa ba. Waɗanda suka shiga sun girmi duk sunan da ya rage a bakin mai rai. Tsohon ya rufe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya da kansa, ya ce kada a bar ta a nan, wanda aka yi wa alkawarin tafiya ba a barinsa a zaune.

Haka Hayatu ya kamo hanya, motar na nishi a giya biyu, gilasai duk sun yi hazo sai ɗan wurin da yake gogewa da hularsa. A rafin farko ta tsaya. Ya yi addu'ar da ya iya, ya ce, "Jama'a, za mu ƙetare ruwa." Ta haye.

Da la'asar ya iso gindin dalbejiya. Job na nan da matarsa da yara, duk sun sha kwalliya, ƙaramar har da kintinkiri a kai. Sauran dillalai na benci suna kallo.

"Kai, Fulani, ya yi kyau," in ji Job, yana shafa fentin. "To faɗa mini aibinsa, na san ba ka ɓoyewa."

"A cike take, Job."

Job ya leƙa ta taga ya ga kujeru fayau, ya kwashe da dariya. Ƙaramar ta ruga ta kama marfin baya. Hayatu ya riƙe hannunta da ƙarfin da ya sa ta fashe da kuka, ya jingina bayansa da ƙofar.

"Ba ta sayarwa ba ce."

Dariyar ta ɗauke. Job ya dube shi, ya dubi dillalan da ke benci, ya ɗauki 'yarsa.

"In wani ya ƙara maka a kai, da sai ka faɗa mini kawai, Hayatu," in ji shi. "Ashe kai ma haka kake."

Suka juya suka tafi. A benci wani ya yi ƙasa da murya, wani ya yi dariya, kuma Hayatu ya san kafin magariba labarin ya gama kasuwa. Bai bi Job ba, don babu abin da zai ƙara a kan gaskiyar da ya riga ya faɗa. Ya buɗe but, ya buɗe ƙofofin duka, ya tsaya a gefe.

"Ga Jalingo," in ji shi a hankali. "Mun iso."

Babu wanda ya sauka.