Fulas ɗin Gahawa

Shekara tara ina kiwon Menik, saniyar ɗakin gwaji a garin Pujon. Likitoci sun huda mata gefen ciki sun sa murfin roba. Kullum da safe, kafin ta ci komai, nakan cire murfin, in ɗebo ruwan tumbinta, in tace da ƙyalle a fulas, in kai wa Bu Sulastri.

Ita ce mai gwajin; Bu muke ce mata, wato Malama. Takan niƙa masarar da manoma suka kawo, ta auna, ta zuba a kwalabe da ruwan tumbin, ta ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu. Abin da ya narke, shi saniya za ta mayar madara. Ni aji uku na yi, amma wannan na gane shi.

Sau uku a jere gwajin ya lalace. Har masarar da kowa ya san tana da kyau ta ƙi narkewa. Ran Talata ta kira ni.

"Pak Karjo, tsohuwarka ta gama aiki. Tumbinta ya mutu. Jumma'a mahauci zai zo."

"Bu, saniyar da ke tuƙa kamar injin niƙa? Kwalabenki dai ki duba."

"Na duba. Ko kai za ka koya mini?"

Na koma garke ina huci. Na tura hannu cikin Menik har kafaɗa. Ɗumi daidai, wari daidai, tumbi na juyawa. To me ya canza? Sai idona ya faɗa kan fulas.

Na ofis ya fashe mako uku da suka wuce. Shi, Bu ce ke ɗumama shi da ruwan da ta auna zafinsa. Da ya fashe na kawo nawa na gida, ban gaya wa kowa ba. Ina ɗumama shi yadda ake yi wa gahawa: tafasasshen ruwa, a zubar, a cika nan take.

Na san za a iya korata. Na ɗauki fulas ɗin na ɗora mata a tebur, na faɗi komai.

Ta dafe kai. "Pak! Halittun da ke cikin ruwan nan zafin jikin saniya kawai suka sani. Dafa su kake yi!"

"Na ji. Ni na yi, ba ita ba. Gobe a sake."

"Na riga na yi magana da mahauci."

"Laraba da kwana biyu Jumma'a ce. In ya zo, ya jira."

Da safe ta ɗumama fulas da kanta, ta bi ni har garke.

Ran Jumma'a mahauci ya zo da motarsa. Na tsaya a ƙofar garke da igiyar Menik a hannu, na ce ya zauna. Ya zauna yana zagina. Wajen sha ɗaya Bu ta fito da takardar sakamakon gwajin. Ba ta dube ni ba, mahauci ta nufa.

"Malam, yi haƙuri, ba ta sayarwa ba ce." Sannan ta juyo. "Kai kuma, wannan fulas ɗin kar in ƙara ganinsa."