Madubin Hagu

Kafinta ya tsufa, kowa a gidan ya san haka ban da shi. Yana da wata besfa shuɗiya mai ƙananan tayoyi, wadda ta girmi babban ɗansa. Duk shekara in ruwa ya ɗauke sai ya rufe shago, ya hau ta ya tafi gano yayansa a wani gari mai nisa, irin tafiyar da ake fita da sassafe a isa rana na shirin faɗuwa. Da can su uku suke yin ta, shi da abokansa Tela da Mai Gilashi, kowa da tasa besfar. Tela ya rasu, Mai Gilashi kuma gwiwa ta zaunar da shi, saura Kafinta shi kaɗai, bai kuma fasa ba.

To, bana ana gab da tafiyar sai ya gogi baron wani a kasuwar katako, ya faɗi ya kurje gwiwar hannu. Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Babban ɗansa ya same shi a shago yana goge ƙafar kujera, ya gaishe shi, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Baba, da ka ba ni makullin nan na ajiye."

"Makullin shago?"

"Na besfa."

Kafinta bai ɗago ba. Ya hure garin katakon da ke kan aikinsa ya ce, "Ranar da aka haife ka, a kanta na je na ɗauko ungozoma. Yau kai ne za ka sauke ni?"

"Mai baron ya ce kai ka zo ka same shi, yana tsaye."

"Mai baro ai ba zai ce shi ne ba."

Aka yi ta ja, uwargida ta sa baki, magana ta ƙi ƙarewa. 'Yarsa ta biyu ce ta raba gardamar. Nas ce a asibiti, tana da tata besfar sabuwa da take zuwa aiki a kanta, kuma da yake sunan mahaifiyarsa ta ci, Uwata yake kiranta, ba ya iya yi mata musu kamar sauran. Ta ce za ta ɗauki hutu ta bi shi a baya. In sun je ta ga tuƙinsa lafiya, ba mai sake yi masa zancen makulli. In ta ga akasin haka, zai miƙa da hannunsa. Kafinta ya yarda, amma ransa bai so ba. Wanzami ba ya son jarfa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran lokaci ya kwance fulogi ya wanke, ya ɗaure birki, ya gwada iskar tayoyi da babban yatsa, ya cika 'yar galan da baƙin mai, domin tsohuwar besfa sai an gauraya mata shi da fetur take tafiya. Sannan ya zaunar da Nas a kan benci ya karanta mata dokar hanya, wadda su uku suka yi shekaru suna bi.

"Na gaba, idonsa na kan madubi. In bai ga na baya ba, ya tsaya ya jira, ba ya juyawa. Na baya kuma ba ya tsayawa sai ya ga na gaba. In kowa ya riƙe wannan, ba a ɓata."

"In taya ta fashe fa, Baba?"

"Sai ki tura ta har ki same ni. Tela ya taɓa tura tasa har takalminsa ya tsinke, bai mutu ba."

"Ai ya mutu."

"Ba turin ne ya kashe shi ba. Ke dai riƙe abin da na gaya miki."

Da safe wayarsa ba caji. Nas ta karɓa ta jona a cikin akwatin da ke ƙarƙashin sit ɗinta, ta rufe. Ya buga kik, besfa ta yi tari ta kama, ta cika ƙofar gida da hayaƙi. Suka kama hanya, shi a gaba da farar hular kwano wadda ta dafe, ita a baya da ja.

Wanda bai yi doguwar tafiya a kan ƙaramin babur ba bai san yawan ƙashin da ke bayansa ba. Ƙananan tayoyi ba su raina rami, kowanne sai sun gaishe shi. Tirela in ta wuce, iskarta ta ture ka gefe, ta kuma jawo ka. Hannu ya yi ta kaɗawa har ya mutu. Kafinta ya san wannan duka kamar yunwar cikinsa. Ya san gadar da ake rage gudu kafin a hau, ya san tudun da ake sauya giya tun daga gindinsa, ya san kwanar da yashi ke kwanciya. A gidan mai na farko ya auna baƙin mai da murfin galan, ya zuba a tanki, ya jijjiga besfar tsakanin cinyoyinsa kamar mai rarrashin jariri.

"Yaya kika gani?" in ji shi.

"Ban ce komai ba tukuna."

"Ai na ga kina tafe kina hamma."

"Gudun naka ne, Baba. Ɗazu wata akuya ta so ta wuce mu, kunya ce ta hana ta."

"Sannu ba ta hana zuwa. Hau mu tafi."

Bayan azahar suka iso inda ake gyaran hanya. An rufe hannu ɗaya, wani mai tuta yana sakin motoci kashi-kashi. Kafinta ya samu ya wuce a ƙarshen kashinsu, tuta ta sauka a gaban Nas. Ya gan ta ta tsaya, bai damu ba. Da ya fita daga wurin aikin sai ya nemi inda zai jira. Rana ta take, ba bishiya ko ɗaya. Can ya hangi wata babbar mota a ajiye a gefen titi, ya zagaya gabanta inda inuwarta ta faɗi, ya kashe inji. Bai sauka ba. Ya gyara madubin hagu yadda zai riƙa hango titin, ya zuba masa ido.

Motoci suka zo suka wuce. Aka sake sakin wasu, su ma suka wuce. Bai ga jar hula ba.

Ya ce a ransa ko ta tsaya shan ruwa ne. Da jiran ya yi tsawo ya ce ko faci ta yi, tana tafe tana turi. Zuciyarsa ta ce ya koma ya duba, ya tsawata mata. Na gaba ba ya juyawa. Shi ya kafa dokar, ba kuwa yau da ake auna shi zai karya ta ba. Inuwar motar ta matsa, ya tura besfa ya bi ta. Ya laluba aljihu zai kira ta, sai ya tuna inda wayar take.

A ƙarƙashin motar akwai direbanta kwance a kan tabarma, ya ɗora hula a fuska. Da ya gaji da jin tsakin tsoho sai ya janye hular.

"Baba, lafiya? Tun ɗazu kake zaune kamar mai gadin motata."

"'Yata nake jira. Tana baya."

"Mai jar hular kwano? A kan farar besfa?"

"Ita."

"Haba Baba, ai ta daɗe da wucewa. Ta nan gefenka ta bi, da ka miƙa hannu da ka taɓa ta. Ni da nake kwance ma na gan ta."

"Ba ta wuce ba. Idona na kan madubi."

"To, madubin ne bai gaya maka ba."

Kafinta ya buɗe baki zai yi masa faɗa, sai ya fasa. Ya juya wa direban baya. Ya sa tafin hannu ya rufe idon dama, ya dubi titi da na hagu. Titin ya zama kamar an shafa masa man kitso. Wata mota ta taho, ya ji ƙararta sarai, amma bai ga komai ba sai wani duhu da ya gifta. Ya sauke hannun. Ya tuna yadda kwanan nan yake karkata kai in zai duba miƙewar katako, ya tuna kuma ta wane gefe baron nan yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai wani mai ɗakin yakan matsar da gado ya ce ba komai.

Sannan wani abin ya faɗo masa, wanda ya fi wannan zafi. Yarinyar nan ba za ta tsaya ba. Ya gaya mata na baya ba ya tsayawa sai ya ga na gaba, ita kuwa mai jin magana ce. Tana can tana ƙara wuta tana neman wanda ke bayanta.

"Ɗana, ara mini wayarka."

"Faɗi lambarta."

Bai san lambarta ba. Bai san ta kowa ba a duniya sai tasa, ita ma don ya rubuta ta da fenti a ƙofar shago. Ita ya faɗa. Direba ya kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Ya sake, ya kuma sakewa. Kafinta na tsaye, yana jin yadda wayarsa ke kuka a ƙarƙashin sit, iska da inji sun danne ta. Sai can aka ɗauka.

"Wa ke magana?"

"Uwata, ni ne."

"Baba! Kana ina? Wane irin gudu kake yi haka? Na ƙure maleji ban ko hango hayaƙinka ba. Mai ne ya ƙare mini na shiga gidan mai, ina buɗe sit na ji waya. Duk motar da na gani a gefen hanya sai gabana ya faɗi."

"Ina bayanki."

"Bayana kamar yaya?"

"Kamar yadda kika ji. Zauna nan, kada ki motsa."

Ya yi wa direba godiya. Direba ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba. In ka ga rami ka gaishe shi." Kafinta ya buga kik ya hau titi, ya riƙe gefen dama sosai, duk abin da zai duba a hagu sai ya juya kansa gaba ɗaya.

Ya same ta zaune a kan dakalin gidan mai, hula a cinya, idanu sun yi ja. Tun kafin ya kashe inji ta fara ba shi haƙuri. Ta ce laifinta ne, ta ga babbar motar amma ba ta leƙa gabanta ba, ta sa a ranta yana gaba. Ta ce shi ya riƙe doka, ita ce ta yi garaje. Kafinta ya saurare ta har ta gama. Abin da ya ce kawai shi ne, "Rana na tafiya." Suka ƙarasa sauran hanyar a hankali, suka shiga garin ana shirin magariba.

Yaya na zaune a ƙofar gida a kan kujerar da Kafinta ya yi masa tun da daɗewa. Ya ji ƙarar besfa ya ce, "Ƙaramin yaro, har yanzu wannan gwangwanin bai kashe ka ba?"

"Kai nake jira ka riga ni, Yaya. Girma naka ne."

Washegari da hantsi babban ɗa ya kira. Nas na tsakar gida tana wanke hular kwanonta, ta sa wayar a kunne ta ce, "Lafiya lau muka zo. Tuƙinsa ba abin da ya same shi, ni ce ma na..."

"Uwata," in ji Kafinta daga bakin ɗaki. "Ce masa za ki kira shi. Zo nan."

Ta zo. Ya zauna a kan turmin da aka kife, ya ɗaga fuska sama.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duba mini wannan, na hagun."

Ta goge hannu, ta buɗe fatar idon da yatsa biyu, ta haska da fitilar waya. Ta daɗe tana dubawa. Ta rufe masa na dama, ta ɗaga yatsu ta ce nawa ne. Ya ce shi dai ya san tana da hannu.

"Yanar ido ce, Baba. Ta kusa rufe shi. Tun yaushe?"

"Aikinki ki faɗi magani, ba ki tuhume ni ba."

"Ana cirewa. Aiki ne ƙarami, a yi maka da safe ka kwana a gida. Amma kafin nan..."

"Na sani."

Ya zaro makullin daga aljihu, yana ɗaure da igiyar fata da ta yi baƙi don tsufa. Bai ba ta ba. Ya miƙa wa Yaya, wanda ke jin duk abin da ake yi yana murmushi.

"In na ba wancan yaron, sayarwa zai yi wa masu gwangwan. A nan za ta zauna har a buɗe mini ido in zo in ɗauka."

Da kansa ya tura ta cikin ɗakin ajiya, tsakanin buhunan gawayi da wani tsohon gado. Ya rufe famfon mai, ya ɗora ta a kan jak, ya sa guntun katako ƙarƙashin tayar gaba, ya lulluɓe ta da tsohon bargo. Ya ce kada a bar kaji su hau, kada kuma jikoki su yi wasa da birki. Yaya ya ce in ya ƙara doka ɗaya zai fara karɓar kuɗin haya.

Ranar komawa Nas ta tayar da tata da ɗan yatsa. Kafinta ya tsaya yana kallon sit ɗin baya. Tunda yake bai taɓa zama a bayan kowa ba. Ya ɗaura farar hularsa, ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya hau, ya rasa inda zai sa hannuwansa, daga bisani ya kama ƙarfen da ke bayansa.

"Ka zauna daidai, Baba?"

"Sit ɗin nan naku kamar faranti. Mu je. Akwai rami bayan kwanar can, ki bi ta dama."