Orville da Ɗan'uwansa Ɓauna

Da Verna ta san mijin yayarta ya kwaso baƙi, da ta haƙura da zuwa Rapid City a ranar. Orville, mutumin da ko doki ya hau sai ya faɗo, wai yau shi ne mai nuna wa 'yan yawon buɗe ido ƙasar ƙabilarsu ta Lakota. Turawa biyu ya samu, mata da miji, ya ɗauko su a motarsa tare da Verna, ya bi da su ta hanyar da ke ratsa tuddai.

Ciyawa ta yi ruwan zuma har iya ganin ido, amma bakin Orville ya hana kowa kallo. Kowane tudu suka wuce, sai ya ce kakansa ya yi yaƙi a kai.

"Kakanka da na sani faci yake yi," in ji Verna da yarensu.

"Haba ƙanwata, rufa mini asiri."

Suna shan kwana sai ga garken ɓauna ya cika titi, wani ƙaton namiji a gaba, ƙura duk ta rufe masa doro.

Orville ya dubi baƙin ya ce, "Ɗan'uwana ne. Mu da su dangi ne."

Maganar gaskiya ce, haka tsofaffi suka faɗa, shi ya sa jin ta a bakinsa ya ƙona wa Verna rai. Kafin ta tanka ya fita, ya ɗaga hannuwa sama, ya kama rera waƙar yarensu ɗaya tilo da ya iya, ta lallashin jarirai.

Ɓaunan ya ɗaga wutsiya, ya tono ƙasa da kofato. Orville ya zo da gudu ya ja ƙofa, ashe Baturen ya danna makulli don tsoro. Sai ya shige ƙarƙashin motar. Ɓaunan ya tako a hankali, ya jingina wuya da ƙarfen, ya shiga susa, mota na rawa.

"Verna! Yi hon!"

Ta sauke gilashi kaɗan. "Ina ni ina shiga tsakanin 'yan'uwa? Ku gama gaisawa, yaya."

Sai da garken ya ga dama ya gangara kwari. Orville ya rarrafo waje, kashin ɓauna har kunne. Verna ta koma mazaunin direba ba tare da ta nemi izininsa ba.

Sun yi nisa Baturiyar ta matso ta tambaye ta ma'anar waƙar mai tsarki.

Verna ta ce, "Yi shiru, ɗan yaro, yi barci."