Makullin Kuɗin Gonar Maje

Kwana uku ke nan da aka sa wa shagon Kayode kwaɗo. Shagon yana layin masu gyaran waya a bayan babbar kasuwar Suleja, kuma shekararsa goma sha ɗaya a wurin. A garin aka haife shi, Hausarsa ta fi Yarbancinsa kaifi. Amma tun ranar Litinin da Alhaji Fakhruddeen ya tsaya a tsakiyar layin ya kira shi ɓarawo, ko mai kawo masa shayi ya daina biyowa ta ƙofarsa.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Wayar Alhaji ce ta faɗa kwata. Kayode ya busar da ita, ya canja abin da ya ƙone, ta kunna amma ta ƙi wuce hoton farko. Ya ce sai an yi mata filashin, wato a goge komai a sake zuba mata manhaja. Sau biyu ya tambaya ko akwai abu mai muhimmanci a ciki, Alhaji ya ce hotunan biki ne kawai, sai Kayode ya yi filashin ɗin. Sai da Alhaji ya koma gida ya nemi walet, manhajar da ake duba kuɗin kirifto da ita, ya tarar babu. A can aka ajiye kuɗin gonar mahaifinsu ta Maje, wadda masu gina gidaje suka saya shekara biyu da suka wuce. An mayar da kuɗin dalar kirifto ne don kada faɗuwar naira ta cinye su kafin shi da ƙannensa mata biyu su gama rigimar rabon gado. Rigimar kuwa ba ta ƙare ba.

Haruna, shugaban ƙungiyar masu gyara, shi ya rufe shagon ya riƙe makullin. Ya ce in kuɗin ba su fito ba zuwa Alhamis, ƙungiya za ta cire hannunta, Alhaji ya kai magana wajen 'yan sanda.

Ranar Alhamis da hantsi suka haɗu a shagon Haruna. Alhaji ya zauna a kujerar roba yana kaɗa ƙafa. Ƙanwarsa Hajiya Sakinatu ta zauna can bakin ƙofa. Autarsu Mardiyya, malamar asibiti da ke aiki a Abuja, ta ƙi zama ma, ta ce motar ƙarfe goma sha biyu za ta kama. Babu wanda ya gaida wani a cikinsu.

"Alhaji," in ji Kayode, "kuɗin ba a cikin waya suke ba. Waya ƙofa ce kawai. Na cire ƙofar da izininka, amma ɗakin yana nan. Ranar da aka buɗe walet ɗin, an ba ku kalmomi goma sha biyu. Su ne makullin."

"Kar ka yi mini wa'azi," in ji Alhaji. "Wanda ya yashe ɗaki shi ya fi kowa sanin ƙofarsa."

"Kalmomin suna nan?"

Alhaji ya zaro wata takarda daga aljihun gaba. "Shida ne a wurina."

"Sauran fa?"

Mardiyya ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Faɗa masa mana, Yaya. Rabon gado muka yi musu. Namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Shi shida, ni uku, Yaya Sakinatu uku, don kada wani ya taɓa kuɗin shi kaɗai."

Kayode ya dubi Mardiyya. Ya san abin da zai faɗa zai ƙara hura wuta, amma in ya ɓoye, gobe shi za a tuhuma da ɓoyewar.

"Hajiya, gaskiya ita ce, muddin walet yana kan waya, mai riƙe da wayar ba ya buƙatar kalmomin kafin ya tura kuɗi."

Sakinatu ta juyo a hankali ta dubi yayanta. "Wato shekara biyu ina ɓoye takarda a ƙasan akwati kamar laya, kai kuma ƙofa a buɗe take a aljihunka?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba," in ji Mardiyya. "Amma ka san ka canja mota bara."

Alhaji ya miƙe, Haruna ya sa hannu ya mayar da shi kujera. Mutanen layi sun fara taruwa a bakin ƙofa. Kayode ya ga fuskokin da ya sha ba aron sukundireba, yanzu suna kallonsa kamar baƙo. Ya gane cewa ko ma wane ne ya kwashe kuɗin, in dai allo ya nuna babu komai, a kansa za a sauke, domin shi kaɗai ne ba ɗan gidan ba.

Ya sauke walet sabo a wayar Alhaji, ya buɗe wurin mayar da tsohon asusu. Gurbi goma sha biyu suka fito.

"Ba zan ba kowa kalmomina ba," in ji Sakinatu. "Ba shi ba, ba kai ba."

"Ni ma ba na son ganinsu, Hajiya. Duk wanda ya ga goma sha biyun, kuɗin sun zama nasa."

Ya roƙi Haruna baƙin salatif ɗin da ake naɗe wayar wuta da shi, ya yayyanka. Ya ce kowa zai rubuta nasa da hannunsa, ya liƙe gurbin da salatif kafin ya miƙa wa na gaba. Shi kuma ya juya baya ya fuskanci bango.

Alhaji ya fara, da yake shi ne babba, ya rubuta shidansa. Sakinatu ta bi, sannan Mardiyya. Aka danna. Wayar ta nuna jan rubutu, ta ce makullin ba daidai ba ne.

Aka sake, jan rubutun ya dawo.

"Wata ta canja kalma," in ji Alhaji.

"Ko wani," in ji Mardiyya.

"Ko kuma wannan ɗan damfarar ya sa mana walet na bogi don ya kwashi kalmomin. Ciyaman, kira mini 'yan sanda. Na gaji da wasan yara."

Haruna ya ɗauko wayarsa. Kayode ya tuna 'yarsa Titi, wadda jiya ta dawo daga makaranta ta tambaye shi me ya sa ba ya zuwa shago. Ya yi magana a hankali kamar yadda yake yi wa tsofaffin da ke kawo masa waya.

"Ciyaman, ba ni minti biyar. Kalmomin ba su isa su kaɗai ba, sai an jera su yadda suka fito. Ranar da kuka raba, yaya aka yi? Wa ya riƙe alƙalami?"

"Na ce maka shida nawa," in ji Alhaji.

"Na ji. Shidan farko ne, ko yaya?"

Alhaji ya shiga juya takardar da ke hannunsa. Sakinatu ce ta ɗaga kai.

"Ba haka aka yi ba. Kawu ne ya raba, Allah ya jiƙansa. Mai canjin kuɗi ya rubuta su a takarda, Kawu ya ce kada wani ya ce an ba shi na baya. Sai ya yi yadda yake rabon naman layya. Biyu ga Yaya, ɗaya gare ni, ɗaya ga Mardiyya, ya sake zagayowa. Sau uku. Sannan ya ƙona takardar."

"To haka wayar za ta zagaya," in ji Kayode.

Ya sake yanka salatif, ya sake juya baya. Yana jin su. Alhaji ya rubuta biyu, ya miƙa wa Sakinatu ba tare da ya kalle ta ba. Ita ta rubuta ɗaya, ta ajiye wayar a tebur don kada hannunta ya taɓa na Mardiyya. A zagaye na biyu Alhaji ya ce Mardiyya tana ɗaga salatif, ta ce in satar ido ce ai a wurinsa ta koya. A na uku kowa ya rubuta nasa ba gardama.

Aka danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a allo, sannan lambobi suka fito. Haruna ya karanta su da ƙarfi. Mardiyya ta duba nata lissafin, daidai ne. Kayode ya nuna musu tarihin asusun: shiga ɗaya, shekara biyu da suka wuce, babu fita ko ɗaya.

Sakinatu ta ɗan dubi yayanta, ta sunkuyar da kai. Alhaji ya kai hannu zai ɗauki wayar, Mardiyya ta danne ta da tafinta.

"Ba za ta sake kwana a aljihun kowa ba. Yau za a raba. Malam Kayode, buɗe mana namu, ka tura wa kowa kasonsa."

"Ana iyawa, Hajiya. Akwai ɗan kuɗin hanya da ake biya kafin tura kowane kaso, kuma in aka kuskure adireshi babu mai dawo da shi. Aiki ne na wanda aka yarda da shi." Ya mayar da hannuwansa baya. "Ni kuwa ɓarawo ne. Duk layin nan sun ji."

"Ai magana ta wuce," in ji Alhaji.

"A tsakiyar layi ta fara, Alhaji."

Alhaji ya dubi Haruna, Haruna ya shiga gyaran wata caja da ba ta lalace ba. Alhaji ya dubi mutanen bakin ƙofa ko wani zai karɓi aikin, babu wanda ya matso.

"Yaya," in ji Mardiyya, "motata ta riga ta tafi. Ina da lokaci."

Alhaji ya tashi ya fita, mutane suka dare masa. Ya tsaya kusa da inda ya tsaya ranar Litinin, ya ce, "Kuɗin sun fito. Bai ɗauki komai ba." Muryar ba ta kai rabin ta Litinin ba, amma mai shayi ya ji, ya maimaita wa na kusa da shi.

Haruna ya jefo makullin shagon, Kayode ya cafe. Ya wuce ta gabansu, ya buɗe kwaɗon, ya ɗaga ƙofar, ya share ƙurar kwana uku daga kan tebur. Sannan ya fito da kujeru uku ya jera su nesa da juna.

"Hajiya Sakinatu," ya ce, "kawo wayarki. Da ke za mu fara."