Foldar da Yaya ya canja wa suna

Yayana Zulkarnaini ya gaya wa duk unguwar Nima cewa shi injiniyan kwamfuta ne. Abin da ya ƙware a kai shi ne rataya jakar laftof ya shiga motar haya ta trotro yana ɗaure fuska.

Hajiya Shifa, mai makarantar yara a Maamobi, ta ce tana son manhajar koyar da baƙaƙe, hoto ya fito, murya ta biyo, kuma duk wanda ya haɗa ta, shi za ta ɗauka malamin kwamfuta. Ni nake son aikin nan kamar raina. Kafin in buɗe baki Yaya ya riga ya je ya buga ƙirji ya karɓo.

Kwana uku yana kokawa da SDL, laburaren da ke sa manhaja ta nuna hoto ta yi sauti. Ya sauke wanda bai dace da injinsa ba. Ya zagi kwamfuta, ya zagi masu wuta, ya ce a gidanmu akwai mai yi masa baki. Rana ta huɗu ina wanke tukunyar waakye, wato shinkafa da wake, ya turo mini laftof ɗin.

"Lailatu, ɗan duba. Abin ya yi mini ƙanƙanta ne."

Na sauke wanda ya dace, na zuba a folda, na sa mata sunana don kada ta ɓace cikin tarkacensa. Na rubuta wa kwamfuta hanyar da za ta bi ta sami fayilolin, sannan na haɗa manhajar. Alif ya fito, muryata ta karanta shi. Ko sannu bai ce ba.

Ranar gwaji ya tafi da ni don in riƙe masa wayar wuta. A trotro na gan shi yana goge sunana daga kan foldar, ya rubuta Injiniya Zul. Raina ya ɓaci matuƙa, amma na ƙyale shi, don na san abin da ya taɓa.

A gaban Hajiya da malamanta ya haska allo a bango, ya ce ƙanwarsa murya kawai ta ara masa. Ya danna. Jajayen layuka suka cika bango, kowanne yana cewa an nemi fayil a foldar Lailatu ba a samu ba. Ya sake dannawa, ya hura madannai, ya ce zafi ne.

Hajiya ta gyara tabarau ta karanta layin a hankali.

"Ɗana, kwamfutar taka Lailatu take nema. Ba ta wurin."

Na ajiye wayar, na mayar da sunana, Alif ya fito.

"'Yata, Litinin ƙarfe bakwai," in ji Hajiya.

Na miƙa wa Yaya wayar wutar.

"Naɗe ta da kyau, Yaya. Ita ma ƙanƙanuwa ce."